Ni da Barmo a Hanyar Uwar Marmaro

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ba kowa harshe ya bambanta abin da ke kansa. Ku da kuka tambaye ni labarin tafiyata, ku matso ku gyara zama. Abin da idona ya gani zan faɗa, inda ƙafata ta taka zan ambata, har abin da bai yi mini kyau ba, ba zan ɓoye shi ba.

Sunana Mantau ɗan Nomau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙa. An haife ni a Kwandarma, can bayan Tekun Tagulla, ƙasar da tsuntsayenta ke gina sheƙa da gishiri. Birninmu rabi a kan dutse yake, rabi a gindinsa. Na sama mukan ce musu mutanen Tudu, mu na ƙasa kuwa mutanen Kwari. A Tudu rijiya ɗaya ce tak, mai zurfin gaba sittin, kuma an fi alfahari da ita a kan ganuwar birnin. Mu a Kwari ƙananan rijiyoyi gare mu barkatai.

Wata shekara ruwan Rijiyar Tudu ya fara zartsi, daga zartsi ya koma ɗaci. Kafin damina ta zagayo, ɗacin ya gangaro cikin rijiyoyinmu. Manya suka daure, yara suka kasa. Cikin waɗanda suka kasa har da 'yata Tanoma, mai shekara shida. Kwana tara ta yi tana fama da ciwon ciki, ran na goma muka kai ta makwancinta.

Na bi rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, na shiga, na ɗanɗana ƙasarsu. Na ce gindin Rijiyar Tudu ne ya tsage ya buɗe wa ruwan ɗaci hanya, daga can yake malalowa gare mu. Magani shi ne a cike ta da duwatsu a rufe, a haƙa sabuwa a ƙarshen kwari. Sarkin Rijiya na lokacin, wani dattijo mai suna Barmo, ɗan mutumin da ya haƙa Rijiyar Tudu, ya ce sam. In ji shi, ruwan ɗacin shimfiɗa ce siririya, a ƙarƙashinta akwai ruwan daɗi, don haka zurfi za a ƙara, ba rufewa za a yi ba.

Gari ya rabu biyu, aka shekara biyu ana abu ɗaya. Ni kuwa ba saɓani kaɗai na yi da Barmo ba, tsanarsa na yi. Duk ranar da na ji muryarsa a kasuwa, ko fura ba na iya sha. Ina cikin rami ina sara ina gardama da shi a zuci, ina jefa masa maganganun da ba zai iya mayarwa ba, in fito da yamma a gajiye kamar wanda ya yini yana kokawa. A ganina duk yaron da ya kwanta bayan Tanoma, taurin kan Barmo ne ya kwantar da shi.

Da dattawan garinmu su bakwai suka gaji, sai suka kira mu. Suka ce akwai wata tsohuwa mai suna Tabawa, mai gadin Uwar Marmaro, kogon da aka ce duk ruwan duniya daga can yake rarrabuwa, tafiyar wata uku daga Kwandarma. Mu je mu tambaye ta. Kuma mu je tare, domin in ɗaya ya tafi shi kaɗai, mutanen ɗayan ba za su yarda da amsar da ya kawo ba. Suka ba mu jaki guda, da guzuri, da gora cike da ruwan ɗacin, an liƙe bakinta da kakin zuma.

Kwana ashirin na farko ba mu yi wa juna magana ba sai gaisuwa, ita ma don kada a ce ba mu da tarbiyya. In Barmo yana da abin faɗa, jakin yake gaya wa. Ya ce wa jaki lokacin hutu ya yi, ko ya ce wa jaki akwai mutanen da har sun girma ba su iya ɗaurin kaya ba. Ni ma ta kunnen jakin nake mayar da amsa.

A haka muka isa Fakon Madubi, wani fili na gishiri mai santsi, tafiyar yini guda cur, wanda ƙyallinsa ke makantar da duk wanda ya buɗe ido a cikinsa. A bakinsa muka tarar da ƙauyen makafi, dukkansu matafiya ne da suka ƙi jin gargaɗi. Su suka koya mana dabara. Muka naɗe idanunmu da rawani, muka rufe fuskar jaki da buhu, muka ɗaura igiya ɗaya daga ƙuguna zuwa wuyan jaki zuwa ƙugun Barmo, muka shiga da sassafe.

Da rana ta take tsaka muka ɓace. Ni ina auna hanya da zafin rana a kumatuna, na ce hagu. Shi yana aunawa da iska, ya ce dama. Ranar ce muka fara magana kai tsaye, kuma ba mai daɗi ba ce. Na ja hagu, ya ja dama, jaki ya kafe a tsakiya. Muka daɗe a haka har gishiri ya fara cin tafin ƙafarmu. Can sai jakin ya ja numfashi, ya miƙe gaba abinsa yana jan mu. Muka bi shi, ba don mun yarda da shi ba, sai don kowa ya gwammace ya bi jaki da ya bi ɗan'uwansa. Da la'asar muka ji ciyawa a ƙarƙashinmu. Da muka kwance rawani muka waiga, sai ga wani kwazazzabo marar gindi a hagu, a dama kuma taɓon gishiri cike da ƙasusuwan raƙuma. Barmo ya ciro rabonsa na dakuwa ya ba jakin, ya ce masa, "Malam, mun gode." Dariya ta taso mini, na haɗiye ta.

Tun daga nan bakinmu ya buɗe, amma gardama kaɗai ke fita. Muna cikinta ne, a wata na biyu, muka shiga ƙofar wani birni mai farar ganuwa ba mu ko lura ba. Masu gadi suka rufar mana, suka kai mu gaban alƙali, wani tsoho tukuf mai tattausar murya. Ya bayyana mana cewa wannan Birnin Na'am ne. A zamanin kakanninsu an yi gardama kan inda za a kafa kasuwa, har aka zare takubba, kashi ɗaya cikin uku na mutanen gari suka halaka. Tun ranar aka kafa doka: a cikin ganuwar nan ba a cewa a'a, ba a cewa amma. Abin da wanda ya fi shekaru a wurin ya faɗa, kowa ya ce na'am.

A hanyarmu ta zuwa gabansa na ga rumfar kasuwarsu ta karkace tana shirin faɗuwa, mutane na wucewa ta ƙarƙashinta suna murmushi. Na ga gonar gero an shuka ta a kan tsandauri. Fuskokinsu sumul, amma ba wanda ke kallon wani cikin ido.

Alƙali ya yanke cewa a jefa mu Ramin Sulhu. Kullum za a fito da mu a tambaye mu ɗaya-ɗaya kan abin da muke gardama a kai. Ranar da bakinmu ya zo ɗaya, mun zama 'yan gari, a ba mu gida da gona, kuma ba za mu sake fita ba har abada. In bai zo ɗaya ba, muna nan a rami.

Ramin busasshe ne, zurfinsa gaba goma, faɗinsa bai kai gaba guda ba, bangonsa kamar an shafe da mai. Na ce wa Barmo mu faɗi abu ɗaya kawai su fitar da mu, daga baya mu san yadda za mu yi. Ya ce shi ba zai yi ƙarya a kan rijiyar ubansa ba ko da a gaban bare ne. Ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya dube ni. Na gane abin da yake nufi, domin kowane mahaƙi ya san yadda ake fita in igiya ta tsinke: baya da baya, hannu a sarƙe, ƙafa a bango.

Muka jira har rana ta yi zafi, masu gadi suka koma inuwa. Muka haɗa baya.

Ya ce, "Ka tura ni da duk ƙarfinka. Kada ka tausaya mini. In ka sassauta, mu duka za mu faɗo."

Na ce masa wannan ba zai yi mini wuya ba.

Muka fara hawa, taki ɗaya nawa, taki ɗaya nasa. A gaba na biyar na fara jin ƙashin bayansa yana sukar nawa, ƙirjinsa na fito kamar tsohon zugazugin maƙeri. Shekara biyu ina ganinsa kamar wani dutse da ya tare mini hanya. Sai a ramin nan na san tsoho ne marar nauyi, wanda ƙafarsa ke rawa. Duk da haka bai sassauta ba, ni ma ban sassauta ba, har muka dafa baki muka mirgino waje.

Masu gadi huɗu suka taso da sanduna, dukkansu samari. Na fara neman dutsen da zan ɗauka. Barmo kuwa ya kakkaɓe rigarsa, ya shafa farin gemunsa yadda za su gan shi da kyau, ya ce da su cikin nutsuwa, "An sake mu. Ku kawo mana jakinmu da kayanmu, ku buɗe ƙofar gabas."

Suka dubi juna, suka dubi gemun. Ba wanda ya kai shi shekaru a wurin. Suka ce, "Na'am." Kafin labari ya kai wa alƙali, wanda ya girmi Barmo, mun yi nisa. Wannan karon ban iya haɗiye dariyar ba. Na yi ta har na zauna a ƙasa, shi kuma yana tsaye yana gaya wa jaki cewa wasu mutane ba su da kamun kai.

Bayan kwana goma sha biyu muka isa Fadamar Ƙaguwa, wadda ta raba mu da tsaunin da kogon yake. Laka ce mai haɗiye mutum, ba kwalekwalen da ke shiga. A cikinta akwai ƙaguwoyi, kowace ta kai girman rumbu. Masuntan bakin fadama suka ce daga hantsi zuwa azahar dabbobin nan barci suke, bayansu a waje kamar duwatsu, sai mutum ya bi ta kansu yana tsallakawa, amma kada ya yi ko tari. Muka bar jaki a hannun masuntan. Na rataya gorar ruwa da jakar guzuri na shiga gaba.

Na tsallake sun fi ɗari, na dira a gaɓa. Barmo saura uku ya iso sai tari ya sarƙe shi. Ya toshe baki, amma tarin ya fita. Dutsen da ke ƙarƙashinsa ya motsa, wani hannu mai kama da babbar awartaki ya fito daga laka ya kama shi a ƙwauri. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake.

A nan ne abin da na ce ba zan ɓoye ba. Na tsaya. Zuciyata ta ce mini: ga ka a tudu, ga gora a hannunka. In ka je kai kaɗai ka dawo kai kaɗai, maganarka ce za ta tsaya, a rufe rijiya, yara su huta. Ba kai ka tura shi ba. Na tsaya kamar tsawon numfashi uku ina sauraron wannan magana, kuma ban ji ta da muni ba.

Ba zan ce tausayi ne ya motsa ni ba. Na dai ga bai kira sunana ba. Yana cikin laka har ƙugu, yana yi mini alama da hannu wai in tafi da gorar. Na ajiye ta, na zaro ƙullin yajin da muke ci da ƙuli-ƙuli, na taka bayan ƙaguwa biyu na koma. Idanun dabbar a kan wasu tsinkaye suke, suna lilo. Na watsa musu yajin duka. Ta saki ƙafar ta nutse tana burgima, sauran suka fara farkawa, na cafko Barmo ta wuyan riga na ja shi. Yadda muka kai gaɓa, har yau ban sani ba.

Na yi masa ɗori da kara da tsumman rawanina, na goya shi. Kwana takwas muna hawan tsauni. Zazzaɓi ya kama shi tun rana ta biyu, yana sambatu yana kiran Inna, yana cewa ta taka a hankali. Wata safiya da jikinsa ya ɗan yi sanyi, na jingina shi da dutse ina ba shi ruwa, na tambaye shi wace Inna yake kira.

Ya ce kafin a haƙa Rijiyar Tudu, matan Tudu daga Kwari suke ɗebo ruwa, ta wata matakala mai taki ɗari uku da aka sassaƙa a jikin dutse. Ni na san matakalar, awaki kaɗai ke binta a zamanina. Ya ce yana da shekara bakwai, yana bin bayan mahaifiyarsa, tana ɗauke da tulu, santsi ya kwashe ta a taki na ɗari biyu da wani abu. Bayan an binne ta mahaifinsa ya ɗauki diga ya fara sara a tsakiyar Tudu, ana ce masa mahaukaci, shekara goma sha ɗaya kafin ya ga ruwa.

Ya ce, "In aka rufe ta, matan Tudu za su koma kan matakalar nan. Kai in ka rufe ido yara kake gani a kwance. Ni mata nake gani a kan dutse."

Sai ya ce ya je jana'izar Tanoma, ya tsaya a baya, bai matso ya yi mini ta'aziyya ba saboda abin da ya gani a fuskata. Daga nan ya fara kiran sunayen yaran da ruwan ya kashe, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu, su talatin da ɗaya. Ni da nake ganin ni kaɗai na damu da su, goma sha tara na iya kawowa.

Da ya gama na ce, "Duk da haka kuskure kake yi, Baba."

Ya ce, "Na san haka kake gani. Ɗauke ni mu tafi."

Da muka isa Uwar Marmaro bai san inda yake ba. Kogo ne wanda garinmu duka zai shige cikinsa. Daga rufinsa ruwa ke zubowa, ya faɗa kan wani faifan dutse, ya rarrabu cikin dubban magudanai sirara kamar zare, kowace da irin kukanta, kowace ta shige raminta ta nufi ƙasarta. A tsakiya wata 'yar tsohuwa ke zaune a kan kujera 'yar tsugunne da ludayi a hannu. Ita ce Tabawa. Ba ta tambaye mu komai ba sai da ta kwance ɗorin, ta wanke raunin da ruwan wata magudana mai ɗumi, ta ɗura masa na wata. Sannan ta ce in faɗi abin da ya kawo mu.

Na faɗi nawa dalla-dalla, da irin ƙasar kowace rijiya da ranar da kowace ta juya. Da na zo kan na Barmo na ce shi dai yana ganin a ƙara zurfi, don ubansa ne ya haƙa ta.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan da ka goyo kwana takwas, wawa ne?"

Na ce a'a, Iya, ba wawa ba ne.

Ta ce, "To don me ka kawo mini maganar wawa ka ce tasa ce? Shi ba shi da baki yau. Ka ara masa naka."

Kunya ta kama ni. Na gyara zama na sake farawa. Shekara biyu ina jin hujjojin Barmo don in rushe su, ashe na haddace su tsaf. Na faɗi yadda mahaifinsa ya ratsa shimfiɗar ɗaci biyu kafin ya kai ruwa, da yadda a ƙasarmu ruwan daɗi ya saba kwanciya ƙarƙashin baƙin dutse, da yadda ba wanda ya tabbatar sabuwar rijiya ba za ta yi ɗaci ba ita ma. Na faɗi matakala, da tulu, da yaro mai shekara bakwai. Tun hantsi nake magana har rana ta karkata. Da na kai ƙarshe na ji gemuna a jiƙe. Ra'ayina na nan inda yake, bai gusa ko kaɗan ba. Amma wani ƙulli da ya shekara biyu a ƙirjina na neme shi na rasa. Na dubi tsohon a kwance yana numfashi da ƙyar, na ji ina so ya tashi.

Tabawa ta fasa kakin gorar, ta zuba a ludayi, ta kurɓa, ta juya shi a baki ta daɗe, ta tofar. Ta ce a ƙarƙashin garinmu ruwa biyu ne, na daɗi da na ɗaci, dutse ya raba su, dutsen kuma ya tsage. In tsagar ta tsaya a sama, ƙara zurfi zai wuce ta. In ta yi ƙasa, rufewa ce magani. Na tambaye ta wanne ne a ciki. Ta ce ita daga nan take sallamar ruwa, ba ta bin sa. Ba ta taɓa zuwa garinmu ba, ba ta sani ba, kuma ba za ta ce ta sani ba.

Da Barmo ya farfaɗo bayan kwana uku na gaya masa. Ya ce wata uku da ƙafa guda, don a gaya mana ba a sani ba. Muka yi dariya har Tabawa ta ce mu rage murya, muna rikita mata kukan ruwa.

Wata guda muka yi a wurinta. Ƙafar ta warke amma ta gajarce, sai da sanda. Muka tsallake fadama yana goye a bayana da tsumma cushe a bakinsa, muka karɓi jakinmu, muka zagaye Birnin Na'am ta nesa. A hanya kullum muna gardama, sai dai yanzu in ta yi tsawo ɗayanmu yakan ce a ci abinci tukuna.

A Kwandarma muka faɗa wa dattawa abin da tsohuwar ta ce, ba ƙari ba ragi. Kowa ya sake kawo hujjarsa. Huɗu suka bi Barmo, uku suka bi ni. Aka yanke a ƙara gaba goma. In ba a dace ba, a rufe. Sai aka rasa mai shiga, domin Barmo ya gurgunce, kuma aikin gindin rijiya mai gaba sittin ba na kowa ba ne. Na ce zan shiga. Mutanen Kwari suka ce an saye ni. Wani aminina ya tare ni ya tambaya ko na canja ra'ayi ne. Na ce masa ko kusa, ina nan a kan cewa ba za a samu ba. Amma tunda za a haƙa, gara wanda ya iya ya haƙa.

Muka kwashe ruwan da guga, na sauka. Barmo ya zauna a bakin rijiya da igiyata a hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Kwana arba'in ina sara. A gaba na goma diga ta huda baƙin dutse, ruwa ya ɓulɓulo. Na tara hannu na kurɓa. Ɗaci ne, har ya fi na da.

Na zauna a gindin ramin nan ruwa na taruwa a ƙafata. Abin da na shekara biyu ina so duniya ta gani ya tabbata, ni kuwa da ina da iko da na mayar da shi zuma. Na daɗe kafin na girgiza igiya.

Da na fito Barmo ya dubi fuskata, ya ce a miƙo masa gugan. Ya ɗanɗana. Ya ce a ƙara gaba biyu. Na ce, Baba, ba za a samu ba. Ya ce ya ji, amma a ƙara. Dattawa suka fara cewa an riga an yi alkawari, na ce su bari, na karɓi digata na koma. Na ƙara biyun. Ɗaci.

Shi ya jefa dutsen farko da hannunsa ranar da aka fara cike ta. Ni kuma na ce wa dattawa ba zan sa diga a sabuwar rijiya ba sai an yarda a sare hanyar jakuna daga Kwari zuwa Tudu, mai faɗi, da katanga a gefen rami. Aka yi duka biyun tare. Hanyar ta ci mana shekara biyu, kuma tun da aka gama ta ba macen da ta sake hawa dutsen nan da tulu a ka.

Rijiyoyin Kwari suka washe a hankali cikin shekara uku. Na ce rufewar ce ta yi aiki. Barmo ya ce daminar shekarun ce ta yi ƙarfi ta wanke ƙasa, kuma da mun ƙara gaba biyar da mun sha ruwan da ba a taɓa sha ba a Kwandarma. Duk ranar kasuwa nakan hau Tudu in kai masa goro, mu zauna a zaurensa mu ɗora daga inda muka tsaya. Shekara tara muna haka. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi ba, kuma ban taɓa saukowa daga gidansa da ɓacin rai ba.

Ranar da ya rasu, babbar 'yarsa ta aiko a kira ni. Ta ce ya bar wasiyya ɗaya a kaina: in ji shi, Mantau ne zai haƙa masa kabari, domin yaron nan ba ya son zurfi, amma raminsa ba ya rushewa.

Na ɗauki digata na tafi. Na haƙa daidai yadda aka saba, na auna, ya cika. Masu taya ni suka miƙo hannu su fitar da ni. Na ce su dakata, na ƙara masa zurfin taƙi ɗaya.

Nan tafiyata ta tsaya, nan kuma bakina ya tsaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shayar da ku ruwan daɗi.